Lauya Marar Ofis da Iyakokin Hurumin Shari'a

Aikin lauya ta intanet, wato tsarin da lauya ke ganawa da masu neman shawararsa ta waya da bidiyo, ya tsara musu takardu, ya karɓi ladan aikinsa, duk ba tare da yana da ofishin da za a je a yi sallama a ƙofarsa ba, ya girmi annobar korona da shekaru masu yawa, domin kamfanin FisherBroyles na Amurka da Keystone Law na Ingila duk an kafa su ne a 2002 a kan wannan tsari. Abin da annobar ta yi a 2020 shi ne tilasta wa sauran lauyoyi da kotuna bin hanyar da ƙalilan suka riga suka share. Sai dai da zarar ofis ya koma cikin kwamfuta, mutanen da ke shigowa cikinsa sukan fito ne daga jihohi da ƙasashe daban-daban, kuma a nan ne batun hurumi ke tasowa, wato yankin da wata doka da kotunanta ke da iko a cikinsa, wanda kuma hukumarsa ce kaɗai ke ba lauya izinin yin aiki da wannan doka.

Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar Amurka, inda kowace jiha ke ba da lasisinta, ta yadda lauyan da aka rantsar a New York baƙo ne a idon dokar Kalifoniya. A 1998 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Birbrower, inda wani kamfanin lauyoyi na New York ya yi wa wani kamfanin Kalifoniya aiki a kan rikicin kwangila, daga baya suka saɓa a kan kuɗin aiki da ya haura dala miliyan ɗaya. Kotun ta ce lauyoyin sun yi aikin lauya a jihar ba tare da lasisi ba, saboda haka ba za su karɓi ladan abin da suka yi a can ba, ta kuma ƙara da cewa mutum na iya yin aikin lauya a Kalifoniya ko da ƙafarsa ba ta taka jihar ba, muddin ta tarho ko faks ko kwamfuta yake ba da shawara a kan dokarta. Hukuncin ya girgiza lauyoyi, kuma yana cikin abin da ya sa Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta gyara ƙa'idarta mai lamba 5.5 a 2002 domin halatta aikin wucin gadi a wata jiha bisa wasu sharuɗɗa. A watan Disamba na 2020 kuma ƙungiyar ta fitar da ra'ayinta mai lamba 495, wanda ya ce lauya na iya zama a jihar da ba shi da lasisinta yana aiki da dokar jihar da ta ba shi lasisi, matuƙar bai kafa allo ko ya buga adireshin da zai sa mutanen wurin su ɗauka lauyansu ne ba.

Wannan ra'ayi ya yi daidai, kuma ya tona raunin dokokin da har yanzu ke ɗaure lauya da gini. Sashe na 470 na dokar shari'a ta New York, alal misali, ya wajabta wa lauyan da ke da lasisin jihar amma yake zaune a wajenta ya riƙe ofis na zahiri a cikinta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da shi a 2016 bayan wata lauya mazauniyar New Jersey ta ƙalubalance shi. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce a samu inda za a kai wa lauya sammaci da takardun kotu, alhali kuwa yau ta intanet ake shigar da mafi yawan waɗannan takardu. Abin da irin wannan doka ke haifarwa shi ne kuɗin hayar ɗakin da ba kowa a ciki, wanda a ƙarshe mai neman shawara ne zai biya shi, sannan takan rufe ƙofa ga ƙaramin lauya da mace mai renon yara da wanda ke zaune a ƙauye, waɗanda su ne tsarin intanet ya fi amfana.

Amma masu cewa tunda ofis ya zama tarihi to lasisin hurumi ma ya kamata ya bi shi, sun yi gaggawa ƙwarai, domin kowane allazi da nasa amanu. Wa'adin shigar da ƙara, wato lokacin da doka ta ɗiba wa wanda aka cuta ya kai kukansa kotu kafin haƙƙinsa ya faɗi, ya isa misali: a jihar Tennessee wanda aka ji wa rauni yana da shekara ɗaya ne a bisa ƙa'ida, a jihar Maine kuwa shekara shida. Mutumin da ya cike fom a shafin wani lauya da tsakar dare, ya rubuta sunansa da abin da ya same shi, ya danna aikawa, ba ya tambayar inda lauyan ya samu lasisi, kuma idan lauyan ya amsa masa da dokar da ya saba da ita, yana iya kwantar masa da hankali har wa'adi ya wuce. A ranar da hakan ta faru, tambayar da za ta dame shi ita ce wace hukuma ce za ta ladabtar da lauyan, wane asusun amana ne aka ajiye kuɗinsa a ciki, kuma ko inshorar da lauyan ya yanka domin biyan diyyar kuskure ta shafi aikin da ya yi a wajen huruminsa. Lasisi, duk da tsadarsa da wahalarsa, shi ne igiyar da ke haɗa lauya da hukumar da za ta iya ƙwace masa sana'a, kuma talaka ba shi da wata kariya da ta fi wannan.

Akwai wuraren da aka sassauta iyaka ba tare da an tsinka wannan igiya ba. Tun hukuncin Sperry na 1963 kotun ƙolin Amurka ta nuna cewa jiha ba za ta hana aikin da dokar tarayya ta halatta ba, kuma a yau lauyan shige da fice mai lasisin jiha ɗaya na iya karɓar mutane daga duk faɗin ƙasar. Tarayyar Turai kuma, ta dokarta ta 1998, ta ba lauyan wata ƙasa damar zama a wata ya yi rajista da ƙungiyar lauyoyinta, ya kuma zama cikakken ɗanta bayan shekara uku yana aiki da dokar wurin.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A Nijeriya lasisi ɗaya ne, wanda sunansa ya shiga kundin kotun ƙoli yana iya tsayawa a kowace jiha, amma ɗan kasuwar Kano da ke hulɗa da abokinsa na Maraɗi ya tsallaka daga dokar da aka gada daga Ingila zuwa dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 ke bi, kuma babbar kotunta na Abijan. Lauyan Kano da ya tsara musu yarjejeniya ta WhatsApp ba tare da ya nemi abokin aiki mai lasisi a Nijar ba ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, komai ƙwarewarsa. Saboda haka ya kamata hukumomin lauyoyi su soke sharaɗin ofis na zahiri, su kuma wajabta wa duk mai aiki ta intanet ya bayyana a shafinsa na farko da cikin takardar yarjejeniyarsa hurumin da yake da lasisi a ciki da hukumar da za a kai ƙararsa, sannan su hukunta wanda ya ɓoye hakan kamar yadda suke hukunta wanda ya taɓa kuɗin amana.