Kirki, Mutunci da Asali: Nazari a Kan Harshen Binciken Aure a Ƙofar Kabuga

Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, balle a sa rana, waliyyin yarinya yakan tashi ƙaninsa ko wani amininsa ya tafi unguwar su yaro a yi bincike. Ɗan aiken zai sallaci azahar a masallacinsu, ya gaisa da liman, ya zauna a bencin mai shago, sannan ya ratso da zancen: "Malam, yaron nan na gidan Alhaji, yaya kuke ganinsa?" Amsar da zai samu ba ta cika wuce jimla ɗaya ba, amma a kanta ake ɗaura aure ko a fasa.

Ƙofar Kabuga wuri ne mai kyau na sauraron waɗannan kalmomi. Tana yammacin birnin Kano, a bakin hanyar Gwarzo, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Daga cikin ganuwa akwai tsofaffin gidajen da aka san kakan kowa. Daga waje kuwa, ta wajen Janbulo da Rijiyar Zaki, akwai ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya da suka zo daga garuruwa daban-daban. Tambaya ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, sai dai a cikin birni an fi amsa ta da sunan gida, a waje kuma da halin mutum da sana'arsa, domin su kaɗai maƙwabta suka gani.

Mai saurin ji yakan ɗauka kirki da mutunci da daraja duk abu ɗaya ne. Aikatau da ke tafiya da kowace kalma shi ke nuna bambancinsu. Kirki yinsa ake yi: "ya yi mana kirki", "ba shi da kirki". Yana hannun mai shi. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa laccarsa a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a ciki, babu sarauta.

Mutunci kuwa, wanda ya fito daga kalmar mutum, rabinsa yana hannun jama'a. Ana ganin mutuncin mutum, ana kare shi, ana cinsa, shi ma mai shi yakan zubar da abinsa. Shi ya sa aka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Idan aka ce yaro "ɗan gidan mutunci ne", gidan aka yaba, kuma mai bincike mai wayo zai lura cewa ba a ce komai a kan yaron ba tukuna.

Daraja da martaba da ƙima duk daga Larabci muka aro su, kuma ma'anarsu ta asali tana nan a jikinsu: matakin hawa, matsayi, farashi. Suna hauhawa suna faɗuwa kamar kayan Kantin Kwari. Mutum yakan sami daraja ranar da aka naɗa shi muƙami, ta ragu ranar da aka sauke shi. Dattako ba ya haka, domin shekaru ake yi ana tara shi.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a cikin birni ita ce asali. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1959 yadda Hausawa ke bambanta sana'ar karda, wadda aka gada, da ta shigege, wadda mutum ya shiga da kansa, da yadda ake jera sana'o'i wasu sama da wasu. Ragowar wannan jeri har yau yana hana ɗan mahauci ko ɗan wanzami mata a wasu gidaje, ko da ya yi digiri, ko da kowa ya shaide shi da kirki. Masu hanawa sukan fake da karin maganar nan, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi, a babin dacewar ma'aurata, addini ta sa a gaba, sai kuɓuta daga aibin jiki da ke ba da damar raba aure. Ba ta sa sana'ar kaka a cikin sharuɗɗa ba. Asali yana da amfani idan ana nufin sanin tarbiyyar da yaro ya tashi a ciki. Idan ya zama hukunci a kan aikin da kakansa ya yi, ya koma zalunci.

Sai kuma salon ba da shaidar kansa, wanda kunya ta lulluɓe. Bakano ba ya son a ce shi ya hana ruwa gudu, kuma yana tsoron maganar ta koma gidan maƙwabcinsa. Don haka ya yi wa shaida matakai. "Wallahi in ina da 'ya zan ba shi" ita ce ƙololuwa. "Yaron kirki ne, ba ya wuce jam'i" tana biye. "Ba mu san shi da wani abu ba" tsaka-tsaki ce, wani lokaci ma tana nufin ba mu san shi ba gaba ɗaya. "To, ka san yaran yanzu" gargaɗi ne. Wanda ya yi shiru, ya ce "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri", ya gama magana. Amfanin wannan salo shi ne ana faɗar gaskiya ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Illarsa kuma, ɗan aiken da bai iya karanta shi ba yakan koma gida da "ba laifi" a matsayin yabo, yarinya ta je ta tarar da mashayi ko mai duka. Malamai sun daɗe suna bayani cewa faɗar aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, ba ta cikin gibar da aka hana.

Kalmar dacewa ma ta sami sabuwar ma'ana. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na ƙwayar halittar jini saboda cutar sikila da na ƙanjamau da ciwon hanta. Yanzu in aka ce "ba su dace ba", mai yiwuwa takardar asibiti ake nufi. Wannan ci gaba ne, domin shaida ce da kunya ba ta lanƙwasa ta. Sai dai asibiti ba ya auna haƙuri ko riƙon amana, waɗannan har gobe a bakin maƙwabta za a ji su.

Don haka iyaye, idan ɗan aike ya dawo, a tambaye shi kalmar da aka yi amfani da ita da bakin wanda ta fito. In daraja aka ambata, a sake tura shi ya tambayo kirki. Ku kuma da ake tambaya, ku tuna amana ce aka ɗora muku, kuma 'yar wani ce za ta zauna a gidan.