Kalma Ɗaya, Fage Barkatai: Sharhi a kan Fassarar "Suspension" Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a farkon firamare, samar da keɓaɓɓun kalmomi ya zama nauyi a wuyan manazarta Hausa. An yi ƙoƙari matuƙa, kuma ba nufin wannan takarda ba ne ta rage wa kowa daraja. Manufarta ita ce ta soki wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a tsakanin masu fassara da malamai, watau ɗaura wa kowace kalmar Ingilishi abokiyar zama guda ɗaya tak a Hausa, a bi ta da ita duk fagen da ta shiga. Kalmar da aka zaɓa don gwaji ita ce "suspension", wadda da yawanmu da mun ji ta sai mu ce "dakatarwa".

Abin da ya ja hankalina ga wannan kalma kuwa shi ne wani darasin kimiyya da na sa wa ido wajen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Ɗalibin ya zuba ƙasa cikin kwalbar ruwa, ya girgiza, ya ɗaga wa yara, ya ce musu wannan shi ne "dakataccen ruwa". Yara suka rubuta, ba wanda ya gane abin da aka dakatar, ko wanda ya dakatar da shi.

2.0 Tushen Kalmar

Asalin kalmar daga Latin ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce rataya abu. Abin da aka rataya bai faɗi ƙasa ba, bai kuma tsaya da ƙafarsa ba, yana tsakani. Wannan hoto ne Ingilishi ya yi ta ara wa fannoni dabam-dabam. Ita kuwa Hausa ba ta tara wannan hoto cikin kalma guda ba, sai ta rarraba shi ga aikatau da dama: rataya, dakatar, jingine, ɗage, kwanta. Duk mai fassarar da ya riƙe ɗaya ya saki sauran, ya tsuke harshen da hannunsa.

3.0 Mulki da Shari'a

A nan ne "dakatarwa" ta fi zama daram, in dai mutum ne ko ƙasa aka hana wa wani haƙƙi na ɗan lokaci. Alal misali, Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta dakatar da Nijeriya a watan Nuwamba 1995, bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas, ta kuma maido da ita a watan Mayu 1999. Dakatarwa ce, ba kora ba, shi ya sa aka dawo ba tare da neman shiga sabo ba. Haka ma ma'aikaci, ko ɗalibi, ko ɗan ƙwallo.

Amma ko a wannan fage kalmar ba ta wadatar ba. Doka ta ɗaya da sojoji suka kafa a 1966 ta tsai da aikin wasu sassa na tsarin mulkin 1963, haka kuma ta 1984 ta yi wa tsarin mulkin 1979. A nan "jingine" ta fi dacewa, domin abin da aka jingine yana nan a ɗaki, ba a dai aiki da shi. Haka nan lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta koma aiki a watan Oktoba 2022 bayan wata takwas, cewa ta yi ta jingine yajin aikin. Wanda ya fassara shi da "janyewa" ya gaya wa iyayen yara cewa magana ta ƙare, alhali kuwa an ajiye sandar ne a inda hannu zai kai. A kotu ma, hukuncin da aka yanke amma ba a zartar ba muddin mai laifi ya kiyaye, masu labarun Hausa sun riga sun sama masa suna mai ma'ana: ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

4.0 Kimiyya da Magani

A kimiyyar haɗe-haɗe, ana nufin ruwan da ƙananan ƙwayoyin wani abu ke yawo cikinsa ba tare da sun narke ba. In an bar shi sai su kwanta, in an tace sai a raba su. Gishiri ko sukari kuwa narkewa suke yi, ba sa kwanciya. Babu 'yar Bahaushiyar da ba ta san wannan ba, domin ta ga an tace ƙullu, an bar gasara ta kwanta, an tsiyaye ruwan sama. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zama hazo a kanmu, ita ma misali ce, sai dai a iska take yawo. Saboda haka ina ba da shawarar a ce "gauraye mai kwanciya", a kishiyanta shi da "narkakke".

Batun ya wuce na aji. Da yawa daga cikin magungunan ruwa na yara, irin su amoksisilin, wannan siffa gare su, shi ya sa ake umartar a girgiza kwalba kafin a ba yaro. In ba a girgiza ba, cokulan farko ba su da ƙarfi, na ƙarshe kuwa ƙarfinsu ya yi yawa. Uwar da aka ce wa maganin "dakatacce" ne ba ta ƙaru da kome ba. Wadda aka ce wa "yana kwanciya kamar gasara" ba ta bukatar ƙarin bayani.

5.0 Kanikanci da Gine-gine

A mota, kalmar na nufin dukan kayan da ke tsakanin ƙafafu da gangar jiki, masu shanye jijjigar hanya. Makanikai ba su jira wani kwamiti ba. Suna da sifirin da shokazoba, sukan kuma ce "ƙasan mota" ya lalace. Ya kamata mai tsara ƙamus ya je gareji da littafinsa kafin ya ƙirƙiro sabuwar kalma. A gine-gine kuwa ma'anar asali ce ta dawo, watau gadar da aka rataya da igiyoyin ƙarfe daga dogayen ginshiƙai, irin ta Golden Gate a Amurka da aka buɗe a 1937, ko ta Canakkale a Turkiyya da aka buɗe a 2022, mai tazarar mita 2,023 tsakanin ginshiƙanta biyu. Wannan "ratayayyiyar gada" ce. "Dakatacciyar gada" kuwa, a kunnen Bahaushe, ita ce wadda ɗan kwangila ya gudu ya bari.

6.0 Adabi

A littafinsa Biographia Literaria na 1817, Coleridge ya yi amfani da kalmar wajen bayyana yadda mai karatu ke ajiye shakkarsa da gangan don ya ji daɗin labarin da ya san ba zai yiwu ba. Wannan shi ne halin mai sauraron tatsuniya, wanda ya yarda Gizo ya yi magana da Sarki har zuwa lokacin da za a ce ƙurunƙus. Shakkar ba ta mutu ba, hutu aka ba ta. "Jingine shakka" ya fi kusa da nufin.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga kalma guda ta bukaci fassara aƙalla shida. Don haka wannan takarda na ba da shawara uku. Na farko, kowane jerin kalmomi ya nuna fagen da fassara ta dace da shi, tare da jumlar misali. Na biyu, a sa masu sana'a da malaman fanni cikin kwamitocin ƙirƙirar kalmomi, kada a bar wa masana harshe kaɗai. Na uku, kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibai su fara tambayar abin da kalma ke nufi a inda ta fito, kafin su tambayi sunanta da Hausa. Ɗalibin nan nawa ya san gasara tun yana goye. Mu ne muka koya masa ya mance da ita da ya shiga aji.