Jaki a Nunin Hotunan Agaji: Abin da Aka Nuna da Abin da Aka Ɓoye

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi nazarin irin hotunan da ƙungiyoyin kula da dabbobin aiki suke bajewa a zauruka don neman gudummawa, musamman hoton jaki. Neman taimako ta wannan hanya ba sabon abu ba ne. An kafa ƙungiyar SPANA a 1923 saboda dabbobin aiki na Afirka ta Arewa. A 1931 kuma Dorothy Brooke ta aika da wasiƙa ga jaridar Morning Post ta Ingila game da tsofaffin dawakin yaƙi da aka bari a Masar. Da kuɗin da aka tara ta sayi dawaki 5,000, sannan ta buɗe asibitin dabbobi a Alƙahira a 1934. A 1969 aka kafa Donkey Sanctuary a Ingila. A yau hoto shi ne babban abin da irin waɗannan ƙungiyoyi suke dogara da shi, domin gani ya kori ji.

Sigar hotunan

Wanda ya dubi hotunan zai ga yawancinsu sigarsu ɗaya. Jaki ne a tsaye, kai a sunkuye, haƙarƙari a waje, ga miki a gadon baya inda akumari ya ci. Mai ɗauka yakan matso ƙwarai, har idon dabbar ya cika hoton. Ba a musun cewa wannan dabara tana tsuma zuciya, kuma mikin gaskiya ne, maganin da ake saye da kuɗin ma gaskiya ne.

Sai dai akwai naƙasu iri biyu. Na farko, galibi ana yanke mai jakin daga hoton, ko kuwa a bar hannunsa kawai riƙe da sanda. Ta haka mai kallo yakan yanke masa hukunci ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Alhali a ƙasar Hausa jaki jari ne: shi ke kai taki gona a mangala, shi ke ɗauko hatsi a taiki, shi ke jigilar ruwa da itace. Al'ummar da ta bambance aura da duna da idabari ba za a ce ba ta san darajar jaki ba. Talauci da rashin likitan dabbobi su ke hana jakin hutu, kuma waɗannan ba sa fitowa a hoton da aka matse.

Na biyu, babbar barazanar da ke kan jaki a yau ba a gadon bayansa take ba. Ana dafa fatarsa a ƙasar Sin a yi wani magani mai suna ejiao, kuma Donkey Sanctuary ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 kowace shekara saboda haka. Wannan ne ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Nunin da ya tsaya kan sanda da miki ya ɗora laifi a kan mai ƙaramin ƙarfi, ya ƙyale cinikin da ke raba shi da dabbarsa.

Kammalawa

Maganin wannan naƙasu yana hannun masu ɗaukar hoto na gida. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya yi suna ne saboda mutanen da ya ɗauka sukan fito yadda suke son a gan su, cikin mutunci. Wannan ladabi ya kamata a yi wa mai jaki. Watau a ja da baya kaɗan, a sa shi cikin hoton tare da rijiya da kasuwa da iyalin da ke ci daga gumin dabbar, a rubuta bayani da Hausa, a kuma baje hotunan a garin da aka ɗauke su. Mai jakin da ya ga kansa ba a muzanta shi ba, shi ne zai saurari shawarar gyaran akumari.