Mai Gwajin Burji, Alƙalin Titi

A Nassarawo, kamar sauran unguwannin Jimeta, da zarar tifa ta juye kayan aikin titi sai gardama ta kaure. Mutanen unguwa su ce wannan ai laka ce, ɗan kwangila ya rantse burji ne mai kyau, wakilin ƙaramar hukuma ya rasa wanda zai bi. Mutum ɗaya ne ke iya raba wannan gardama, shi ne kuma ba a cika sanin sunansa ba: mai gwajin kayan aiki.

Zai damƙi ƙasar, ya yayyafa mata ruwa, ya murza a tafin hannu. In ta miƙe siririya kamar taliya ba ta karye ba, laka ta yi mata yawa. Irin wannan da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage, kwalta kuwa ta bi ta. Duk wanda ya san baƙar ƙasar yankin Numan ya san wannan hali. Yashin Binuwai kuma a kwalba yake zuba shi da ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Yashi ya kwanta, laka ta taru a kansa, kowa ya gani da idonsa.

Gwanintar da ta fi burge ni tana zuwa ne bayan rola ta gama daɓe. Sai ya haƙa ɗan rami a tsakiyar aikin, ya kwashe ƙasar tas, ko ƙwaya ba ya bari, ya auna nauyinta. Sannan ya cika ramin da busasshen yashi wanda ya riga ya san awonsa. Yawan yashin da ramin ya ci shi ke gaya masa girman ramin, daga nan lissafi ya nuna ko an daɓe da gaske ko shafa aka yi. Abin da ya samu sai ya kwatanta da sakamakon ɗakin gwaji, bisa hanyar da wani injiniyan Amurka, Ralph Proctor, ya fito da ita a 1933. Aiki ne na haƙuri, a durƙushe, cikin ranar Yola, ga ɗan kwangila tsaye a kansa yana duban agogo.

Kankaren kwalbati da magudanar ruwa ma ba ya tsira. Yakan ɗebi kwaɓin a wurin aiki, ya zuba a ƙananan akwatuna, ya jiƙa curin a ruwa, bayan kwana 28 inji ya matse shi har ya fashe. In an rage siminti, a nan asiri ke tonuwa.

Matsalar ita ce, sau da yawa sai titi ya farfashe ake tuna shi, alhali kwalta ta riga ta rufe shaidar. Jama'ar Nassarawo, masu unguwa da kansila, in an kawo muku aikin titi, ku nemi a nuna muku takardar gwajin burji da ta daɓe tun kafin a zuba kwalta. Kuɗinku ne, haƙƙinku ne ku gani.