Tafi ko Tuhuma: Ra'ayoyin 'Yan Kallo Game da Fim ɗin Opening Night na John Cassavetes

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda 'yan kallo suka karɓi wani fim na ƙasar Amurka mai suna Opening Night, watau "Daren Buɗe Wasa", wanda John Cassavetes ya rubuta ya kuma shirya, aka fara nuna shi a ƙarshen shekarar 1977. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, jigon fim ɗin ya danganci 'yan kallo ne kansu, da irin abin da ƙaunarsu kan yi wa wanda suka ɗaukaka. Saboda haka duk wanda ya zauna ya kalle shi, ya riga ya shiga cikin waɗanda ake magana a kansu, ko ya sani ko bai sani ba. A ganina wannan ne tushen saɓanin ra'ayin da ya biyo bayan fim ɗin, kuma shi zan yi ƙoƙarin warwarewa a nan.

2.0 Mai Fim da Labarin Fim

Cassavetes na daga cikin waɗanda suka share fagen yin fim ba tare da jingina da manyan kamfanonin Holiwud ba. Tun daga fim ɗinsa na farko, Shadows, na 1959, hanyarsa ita ce ya fito a finafinan wasu, kamar The Dirty Dozen na 1967 da Rosemary's Baby na 1968, ya karɓi ladansa ya zuba a nasa aikin. Haka ya yi Opening Night da kuɗin kansa, tare da matarsa Gena Rowlands da abokansa na kullum, kuma shi ya ɗauki nauyin kai shi gidan sinima.

Labarin na wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ne, Myrtle Gordon, wadda Rowlands ta fito a matsayinta. Ƙungiyarsu tana gwada wani sabon wasa mai suna The Second Woman, watau "Mace ta Biyu", a garin New Haven kafin a buɗe shi a Niyu Yok. Wasan yana magana ne a kan mace da tsufa ya fara cim mata, kuma Myrtle ba ta son sa, domin tana tsoron idan ta yi shi da kyau, daga ranar jama'a za su ɗauke ta tsohuwa. Wani dare bayan an tashi daga wasa, ana ruwan sama, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Nancy ta kutsa cikin taro ta rungume ta tana kuka tana faɗin irin son da take mata. Aka sa Myrtle a mota, yarinyar ta biyo, sai wata mota ta buge ta ta mutu. Abokan aikin Myrtle suka wuce neman abincin dare. Daga nan ne Myrtle ta fara ganin Nancy a ɗakinta, da farko kamar ƙawa, daga baya kamar abokiyar gaba mai dukanta. Ta ƙara shan giya, ta riƙa sauya kalmomin wasa a gaban jama'a, ta ƙi yarda Maurice, abokin wasanta kuma tsohon masoyinta, ya mare ta kamar yadda rubutun ya tanada. A daren buɗe wasa a Niyu Yok ta zo a makare, a buge, ko tsayuwa ba ta iyawa. Aka ɗura mata gahawa aka tura ta dandamali. Ta lallaɓa har zuwa fitowa ta ƙarshe, inda ita da Maurice suka yar da rubutun suka mai da wasan barkwanci, ɗakin kuwa ya ɗauki tafi.

3.0 Tarihin Karɓuwarsa

Hukuncin farko da 'yan kallo suka yanke, da ƙafafunsu suka yanke shi. An buɗe fim ɗin a gidan sinima na Fox Wilshire a Los Anjalis a ƙarshen watan Disamba na 1977, aka riƙa nuna shi ga kujeru kusan babu kowa, har aka janye shi bayan 'yan makonni. Ya kamata a tuna cewa a shekarar nan ce Star Wars ya fito, kuma kasuwar fim ta Amurka ta riga ta karkata wajen finafinai masu tara dubban mutane a mako guda. Fim mai tsawon minti 144 a kan wata mace da ke tsoron tsufa, wanda babu wani babban kamfani da ke tallarsa, ya shigo kasuwa ne a lokacin da ba a nemansa. Ban da haka, fim ɗin Cassavetes na 1976, The Killing of a Chinese Bookie, shi ma bai yi kasuwa ba, don haka farin jinin da ya samu da A Woman Under the Influence a 1974 ya riga ya dushe.

A Turai kuwa labarin ya sha bamban. A bikin finafinai na Balin na 1978, Rowlands ta karɓi kyautar gwanar 'yan wasa mata saboda wannan fim ɗin. Mutanen Niyu Yok, birnin da labarin ya ƙare a cikinsa, sun gan shi a bikin finafinai na birnin a 1988, kuma sai a 1991 ya sami mai rarraba shi a gidajen sinima na Amurka, shekara biyu bayan rasuwar Cassavetes a watan Fabrairu na 1989. Daga baya, musamman bayan an fitar da shi a faifai a 2004 tare da wasu finafinansa huɗu, ya sami sababbin masu kallo waɗanda da yawansu ba a haife su ba lokacin da aka yi shi, har ya zama ana lissafa shi cikin manyan ayyukan mai shi.

Akwai wani saukin bayani da ake yawan bayarwa a nan, cewa mutanen 1977 ba su gane ba, na baya ne suka gane. Ni ban gamsu da shi ba. Waɗanda suka ƙi zuwa ba su ga fim ɗin ba balle su ƙi shi, kuma waɗanda suke nemansa yanzu sukan zo ne da labarin cewa gagarumin aiki ne, watau sun zo da yabonsu a hannu.

4.0 Inda Ra'ayoyi Suka Rabu

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin waɗanda fim ɗin bai gamsar ba shi ne tsawo da maimaici. Suna da gaskiyarsu. Cassavetes yakan bar fitowa ta yi ta tafiya bayan ta gama isar da saƙonta, kuma guntayen wasan "Mace ta Biyu" da ake nuna mana ba su haɗu sun zama labarin da za a iya bi ba. Masu kare shi sukan ce da gangan ne, domin mai kallo ya ɗanɗani gajiyar da Myrtle ke ciki. Wannan uzuri ya karɓu a wasu wurare, amma bai isa ya wanke kowace fitowa ba, kuma ban ga laifin mai kallon da ya ƙosa a tsakiya ba.

Saɓani na biyu ya fi wannan nauyi, watau mene ne matsayin Nancy bayan mutuwarta. Wasu sun ɗauke ta fatalwa, suka kalli fim ɗin a matsayin na ban tsoro. Wasu sun ce waswasi ne kawai da giya da taɓin hankali suka haifar. Fim ɗin ya ba kowane ɓangare abin kamawa. Myrtle da bakinta ta nuna cewa ita ta ƙirƙiro yarinyar don ta taimaka mata wajen wasa, kuma tana iya sallamarta. Amma sai ga shi an kai ta wurin masu kiran ruhohi, kuma a wurin ɗaya daga cikinsu ne ta yi dambe da Nancy har ta "kashe" ta. Bahaushe mai kallo ba zai sha wuyar gane wannan ruɗani ba, tun da mu ma mun saba da gardamar ko iska ce ta taɓa mutum ko ciwo ne na asibiti. Sai dai ina ganin tambayar ta kauce wa abin da ya fi muhimmanci. Nancy 'yar kallo ce. Ita ce kaɗai daga cikin dubban masu tafi da fim ɗin ya ba suna da fuska, kuma siffar da Myrtle ta ga dama ta ba tsoronta ke nan: yarinya ɗanya, mai ƙauna marar iyaka, wadda ƙaunarta ta rikiɗe ta koma duka. Shahara ta sa Myrtle ta dogara ga idon jama'a don ta san ko ita wace ce, ga shi kuwa idon nan yana son ta ne a kan sharaɗin kada ta tsufa.

Daga nan ne za mu iya auna maganar da ake yawan yi cewa Myrtle tana fama da ciwon zargi, watau jin cewa kowa yana ƙulla mata wani abu. Ruwa ba ya tsami banza. Idan muka dubi waɗanda ke kewaye da ita za mu ga cewa zargin nata yana da madogara. Manny, mai ba da umarnin wasan, wanda Ben Gazzara ya fito a matsayinsa, yana rarrashinta ta waya da tsakar dare da kalaman ƙauna, matarsa na gefe tana ji, alhali abin da ke gabansa shi ne kada wasa ya rushe. Sarah, marubuciyar wasan, 'yar shekara 65, ta matsa mata da tambayar shekarunta nawa, Myrtle kuwa ta ƙi faɗa. Mai zuba kuɗi yana lissafin ranar buɗewa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake mugu, kuma babu ko ɗaya da ya ce a dakatar da wasa a kai ta asibiti. Hatta da ta je gidan su Nancy yin ta'aziyya, iyalin ba su karɓe ta ba, suka nuna mata cewa wurin ba nata ba ne. To mace da ta ga kowa yana bukatarta amma babu mai kula da ita, in ta yi zargi, ba za a ce duka hauka ne ba. Abin lura kuma, Joan Blondell da ta fito a matsayin Sarah tauraruwa ce ta Holiwud tun shekarun 1930, kuma tana da shekara 71 lokacin da fim ɗin ya fito; masu kallon da suka san ta a ƙuruciyarta suna ganin amsar tambayar a fuskarta.

Saɓani na uku, wanda har yanzu bai mutu ba, a kan ƙarshen fim ɗin yake. Kashi ɗaya na masu kallo suna fitowa da farin ciki, suna ganin Myrtle ta yi nasara: ta ƙi wasan da ta ce babu fata a cikinsa, ta ƙirƙiro nata a gaban jama'a, ta kuwa ci. Kashi na biyu suna ganin abin takaici ne, mace marar lafiya aka jawo daga ƙasa aka tura ta yi wa mutane wasa, suka yi dariya suka tafa, gobe kuma za a sake. Na fi karkata ga na biyun, ko da yake ban yarda a ce na farkon sun yi kuskure ƙwarai ba, gama Rowlands da Cassavetes sun yi fitowar nan da annashuwa ta gaske, wadda ke kama mai kallo ko bai so ba. Amma a duba yadda aka tsara ta. An girke na'urar ɗaukar hoto a cikin 'yan kallo, har kawunansu suna tare mana gani, ta yadda mu da muke kallon fim muka zama ɗaya daga cikinsu. Bambancinmu da su guda ne: su ba su ga Myrtle tana rarrafe a bayan labule ba, mu kuwa mun gani. Wanda ya tafa tare da su bayan ya ga abin da ya gani, ya aikata daidai abin da fim ɗin yake tuhumar 'yan kallo da shi. Ina tsammanin rashin jin daɗin da wasu ke fitowa da shi, har su ce fim ɗin bai ƙare da kyau ba, daga nan yake.

5.0 Masu Kallo da Suka Mayar da Martani da Aiki

Akwai wani irin ra'ayi da ba a faɗarsa da baki. Pedro Almodóvar na ƙasar Sifen ya ɗauki fitowar hatsarin nan kusan ɗungurungum ya sa a fim ɗinsa na 1999, Todo sobre mi madre, inda wani saurayi ya bi motar wata 'yar wasa cikin ruwan sama don ta sa masa hannu a takarda, mota ta kashe shi. Ya kuma ambaci Gena Rowlands cikin waɗanda ya sadaukar wa fim ɗin. Amma ya juya akalar labarin: maimakon ya bi tauraruwar, sai ya bi uwar yaron. Watau abin da ya tsaya masa a rai shi ne gidan makokin nan da Cassavetes ya leƙa sau ɗaya ya wuce.

Ivo van Hove, ɗan ƙasar Beljiyam, ya mai da labarin kan dandamali, daga baya kuma ya sake shirya shi a matsayin wasa mai waƙoƙi a gidan wasa na Gielgud a Landan a 2024, Rufus Wainwright ya tsara waƙoƙin, Sheridan Smith ta fito a matsayin Myrtle. Masu sharhi suka rabu biyu, jama'a ba su cika ɗakin ba, aka rufe wasan a watan Mayu, kimanin wata biyu kafin ranar da aka tsara. Gena Rowlands ta rasu a watan Agusta na wannan shekarar tana da shekara 94.