Motar da Aka Cire wa Ƙofa Don Ta Ratsa Hamada

Guda 72 kacal aka yi. A wajejen 1968 ne kamfanin Marshall na garin Kambirij a Ingila ya karɓi dogayen Land Rover, samfurin Series IIA, ya yi musu aikin da rundunar SAS ta sojan Birtaniya ta nema. Mota suke so wadda za ta ɗauki mutum uku da ruwansu da mansu da makamansu, ta nausa cikin hamada, ta yi kwana da kwanaki ba ta ga gidan mai ko garejin bakanike ba. Koriya ta fito daga masana'anta. Daga baya aka shafe ta da fenti ruwan hoda, domin an lura launin yana sajewa da rairayi da hazo, musamman da fitowar rana da faɗuwarta. Sai aka laƙaba mata Pink Panther, sunan kuma ya bi ta. Ta yi aiki a ƙasar Oman, ta ci gaba da yi har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Land Rover 110 ta gaje ta. Waɗanda suka rage yanzu suna gidajen tarihi ko hannun masu tara tsofaffin motoci.

Kayan yaƙi ce, ban manta ba. Abin da ya ɗauke mini hankali a jikinta shi ne tunanin mutanen da suka shirya ta.

Ba ta da ƙofa, ba rufi, ba gilashin gaba. Gilashi yana ƙyalli idan rana ta doke shi, mutum ya hango shi daga nesa mai yawa, ga shi da nauyi. Ƙofa tana hana mutum dirowa da sauri, ita ma nauyi ce. Duk kilo ɗaya da aka rage na ƙarfe ya zama gurbin kilo ɗaya na fetur ko ruwa. Da haka aka samu wurin ƙarin tankuna, har motar ta riƙa ɗaukar galan 100 na fetur, wato lita ɗari huɗu da hamsin da 'yan kai, man da aka ƙiyasta zai kai ta kusan mil 1,500. Safaya taya aka ɗauko aka kwantar da ita a gaban mota, saman bamba, don a sarara wa baya. Kujerar kwamanda an ɗaga ta sama da ta direba domin ya riƙa hangen abin da ke gaba, da bindiga mai jigida a gabansa, wata kuma a baya hannun na ukunsu. Gaba da baya akwai 'yan bututun harba hayaƙi, na ɓoye mota idan ana son janyewa. A ƙarƙashi an sa wa tukwanen aksul garkuwar ƙarfe saboda duwatsu. Idan aka gama lodi, motar tana kusan tan 3, kuma abin da ke jan wannan kaya duka inji ne mai silinda huɗu, lita biyu da kwata. Wanda ya taɓa loda wa jaki mangala ya san cewa yawan kayan ba shi kaɗai ba ne, inda aka ɗora kowanne shi ke sa dabba ta yi tafiya ko ta durƙushe. Haka mota take a kan tudun yashi. Kaya ya yi sama da yawa ta kife, ya taru a baya tayoyin baya su nutse.

Wannan ilimi ba a Kambirij ya fara ba. Ya samo tushe a Masar, wajen wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Ralph Bagnold, wanda a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930 yake ɗaukar hutunsa shi da abokansa su shiga hamadar Libiya da ƙananan motocin Ford. A lokacin an yi ittifaƙi cewa mota ba ta ratsa manyan tuddan yashin da ke yammacin Masar. Su kuwa suka ratsa, kuma duk matsalar da ta tare su sai sun zauna sun samo mata magani da abin da ke hannunsu.

Ruwa ne matsala ta farko. Inji yana zafi a yashi, lagireto ya tafasa, ruwa ya bi ta bututun amai ya zube ƙasa, kuma ruwan da za a sake ɗurawa shi ne wanda mutane za su sha. Maganin da suka yi abin sha'awa ne don sauƙinsa. Suka jona tiyo a bakin da ruwan ke fita, suka kai ɗaya bakin cikin wani gwangwani da aka ɗaure a gefen mota, an zuba masa ruwa rabi, bakin tiyon kuma ya nutse har ƙasan gwangwanin. Idan lagireto ya tafasa, tururi ya bi tiyo ya shiga ruwan gwangwani ya koma ruwa. Direba sai ya juya motar ta fuskanci iska ya kashe inji. Da zarar lagireto ya huce, sai ya zuƙo ruwansa ya koma ciki da kansa. Sharaɗi ɗaya ne: kada iska ta samu kafar shiga ko'ina a mahaɗan, domin ɗan tsagu kamar bakin allura ya isa ya sa lagireto ya zuƙi iska maimakon ruwa. A nan ake gane hannun bakanike. 'Yar robar ruwan da ke gefen lagireton motocinmu na yau da wannan ƙa'ida take aiki.

Sai kafewa. Taya mai cike da iska tana yanka yashi kamar wuƙa, tana haƙa wa kanta rami. Idan aka sace mata iska sai ta baje, ta kwanta a kan yashin kamar tafin raƙumi. Amma fa da zarar an fito wuri mai tsakuwa ko dutse dole a tsaya a mayar da iskar da famfo, in ba haka ba dutse ya tsaga gefen taya. A rana ɗaya ana iya yin haka sau da yawa, cikin zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa. In kuma duk da haka mota ta kafe, abu mafi muni shi ne direba ya ci gaba da taka totur. Sai a sauka, a ɗauko shebur, a haƙe yashin da ke gaban tayoyin baya ya yi gangare, a zura wasu dogayen ƙarafa masu kama da indararo, tsawon kowanne kamar ƙafa biyar, a ƙarƙashinsu. Tayoyin gaba kuma a shimfiɗa musu tabarmar tamfol mai sanduna. Direba ya ja a hankali, sauran su tura, mota ta hau ƙarfe ta samu gudu, kuma ba zai tsaya ba sai ya taka ƙasa mai tauri, ko da kuwa abokansa za su biyo shi a ƙafa suna jan ƙarafan. Asalin ƙarafan nan ragowar kayan yaƙin duniya na ɗaya ne, na rufin ramukan sojoji, a wurin 'yan gwangwan na Alƙahira aka samo su.

Wanda ya fi burge ni duka shi ne kamfas na rana. Kamfas na maganaɗisu ba ya faɗin gaskiya a cikin mota, domin ƙarfen motar yana jan allurarsa, kuma duk lokacin da aka matsar da jarka ko bindiga sai kuskuren ya sauya. Kafin a amince da shi sai an tsaya, mutum ya yi nisa da mota a ƙafa. Bagnold ya ɗauki faifai mai zanen digiri 360, ya kafa siririyar allura a tsakiyarsa a tsaye, ya girke shi a gaban mota inda rana ke samunsa. Inuwar allurar ita ke nuna inda aka dosa. Da yake rana tafiya take, mai duba hanya yana juya faifan lokaci-lokaci bisa jadawalin da ke nuna inda rana take a kowace sa'a. Yana zaune kusa da direba, ido ɗaya a inuwa, ɗaya a mitar da ke ƙirga mil, yana rubuta kowace kwana da kowane nisa a littafi yayin da mota ke jijjiga shi. Da tsakar rana a lokacin bazara inuwa kan gajarce har ta kasa karantuwa, sai a yada zango a fake a ƙarƙashin tamfol. Da dare kuma ya kafa na'urar awon taurari mai ƙafa uku, ya kama siginar agogo ta rediyo, ya auna tsayin tauraro, ya gano daidai inda suke a taswira. Madugan da suka bi hanyar Bilma da Gat da raƙuma sun san darajar tauraro tun kafin a ƙera mota. Wannan shi ne ilimin nan dai, an haɗa shi da agogo da lissafi. Shekara kusan arba'in bayan haka, kamfas na rana da na'urar taurari suna cikin kayan Pink Panther.

A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, Bagnold ya kafa rundunar sintiri ta dogon zango a Masar, wadda aka sani da LRDG, kuma mutanenta na farko 'yan Niyu Zilan ne, da yawansu manoma da suka saba gyara injinsu da kansu. Akwai wani abu a tarihinta da zai ba mai son mota mamaki. Motocinsu na farko Chevrolet ne masu ja da tayoyin baya kawai. A 1941 aka ba su Ford masu ja da taya huɗu, sai suka tarar sun fi nauyi, sun fi shan mai nesa ba kusa ba, nisan da za a iya zuwa ya ragu. A 1942 suka koma Chevrolet mai jan baya. Ni a ganina nan ne hankalinsu ya fi fitowa fili, domin sun auna mota da tambayar da ta dace da aikinsu: ina za ta kai mu ta dawo da mu? Tafiyarsu ta taɓo maƙwabtanmu ma. A watan Janairun 1941 sun haɗu da sojojin Faransa masu 'yanci da suka fito daga Cadi, a gindin duwatsun Tibesti, suka kai hari Murzuk a kudancin Libiya, inda kwamandan Faransawan, d'Ornano, ya rasa ransa.

Daga wannan yaƙi ne ma kalmar jarka ta zo mana. Jamusawa ne suka ƙera mazubin nan na lita 20 mai hannu uku, wanda mutum ɗaya zai ɗauki biyu, ko mutum biyu su kama ɗaya, ko a miƙa shi hannu da hannu. Gwangwanayen man Ingilishi kuwa sirara ne, suna yoyo a hanya. Sojojin Birtaniya suka riƙa tsintar na Jamus suna amfani da su, suna kiransu da laƙabin da suke yi wa Jamusawa, Jeri, har sunan ya iso bakinmu ya zama jarka.

Me ya sa da aka zo neman motar sintiri bayan yaƙi aka tsaya a kan Land Rover? Amsar tana ƙarƙashinta. Tun fitowarta a 1948, shasinta kamar tsani yake: dogayen ƙarafa biyu masu siffar akwati, an yi musu walda, an haɗa su da gajeru a gicciye. Bodi kuma na alminiyam ne, domin bayan yaƙi ƙarfe ya yi wuya a Ingila, kuma da noti aka ɗaura shi. Saboda haka za ka iya kwance ƙofa da rufi da gilashi ba ka raunana motar ba, tunda ƙarfinta ba a bodi yake ba. Za ka iya huda nan ka ɗaure tanki, ka yi walda can ka kafa mazaunin bindiga. Sifirin ɗinta na ganye ne, in ɗaya ya karye a ɗaure a ci gaba. Duk wanda ya shiga tsohuwar Land Rover irin ta 'yan sanda da ma'aikatan gona a garuruwanmu zai tuna sandunan nan na kusa da giya, mai jan kai da mai rawayan kai. Ka danna rawaya ƙasa, tayoyi huɗu su kama. Ka ja mai jan kai baya, ta shiga ƙaramar giya mai ƙarfin hawan dutse. A kan kwalta kuwa ba a barin ta a huɗu, domin gaba da baya a ƙulle suke tare, sai su yi ta murɗe juna. Rauninta sananne ne: sandar aksul ta baya takan karye in an matsa mata da kaya. Amma direban da ya san motarsa zai zare karyayyar, ya danna rawaya, ya dawo gida da jan tayoyin gaba.

Mai sayen irin waɗannan motoci bayan soja sun yi gwanjonsu, in ya san abin da yake yi, ba ya tsayawa kallon fenti. Alminiyam ba ya tsatsa, don haka bodi zai iya yin kyau alhali ƙasa ta cinye. Guduma yake ɗauka ya kwanta ƙarƙashi, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake mai kaifi, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa sai ya amsa da dusasshiyar murya. Ya duba ƙarfen gicciye na can baya, ya duba bangon da ke tsakanin inji da direba wajen da ƙafa ke takawa, domin nan ma ƙarfe ne. Ya ɗaga kujera, tunda a yawancin na soja tankin mai a ƙarƙashinta yake, ta nan ake ɗurawa. Ya leƙa wayoyi, domin waɗanda aka yi don ɗaukar rediyo wutarsu bolt 24 ce, kayan wutar motar gida ba sa shiga.

A jikin Pink Panther, kan madigadi, akwai wani ɗan ƙarfe da mai kallo zai iya wucewa bai kula ba. Na ɓamɓare taya daga rim ne. Safaya ɗaya ko biyu ba sa isar tafiyar mil dubu a kan duwatsu masu kaifi, don haka dole mutum ukun nan su zama masu facin kansu: su kwance taya, su danne bakinta da ƙarfen har ya saki, su zaro tib, su nemo hujin, su liƙe, su mayar, su buga iska da famfo. Direbobin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku a yau, da Toyota maimakon Land Rover, har yanzu suna tsayawa a bakin Tenere su durƙusa su sace wa tayoyi iska ɗaya bayan ɗaya, ga faifan ƙarfen fita daga yashi ɗaure a gefen mota, ga jarkoki jere a baya.