Fitilar sola ta hana fure ganin dare

Yayin da ake yi yanzu a sababbin gidajen Abuja, Kaduna da Kano shi ne a bar ɗan fili a gindin katanga a dasa furanni, sannan a jera musu fitilun sola su kwana suna haskawa. Da dare abin gwanin sha'awa ne, ban musa ba. Amma ina ganin masu tsara lambun nan suna karɓar kuɗin mutane ba tare da sun gaya musu illar fitilar ba.

Tsiro yana auna tsawon dare. A 1920 ne Garner da Allard, masu bincike a ma'aikatar gona ta Amurka, suka gano tasirin tsawon yini a kan wani irin taba mai suna Maryland Mammoth, wanda ya yi ta tsawo bai yi fure ba sai da yini ya gajarta. A 1938 kuma wasu masu binciken, Hamner da Bonner, suka nuna cewa duhun ne abin lura: in aka katse dare da ɗan haske, lissafin ya rushe. Manominmu bai jira su ba. Ya san dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, ba ta fitar da kai sai damina ta doshi ƙarewa. Yakuwa ma haka take.

To poinsettia, mai jan ganyen nan na Disamba, da chrysanthemum sahunsu ɗaya da dawa, dogon dare suke so. Cosmos da zinnia da manyan marigold su ma sun fi saurin fure in dare ya tsawaita. A Kano yini bai kai awa 13 a Yuni, bai kasa awa 11 a Disamba. Tazarar kaɗan ce, tsiron kuma da ita yake aiki. Ka kunna masa fitila a ka har asuba, sai ya yi ta ganye, kore shar, maigida yana faɗa wa mai ban ruwa wai taki ne bai isa ba. A ƙara taki, ganye ya ƙaru.

Petunia ce ke cin ribar fitilar, don ita gajeren dare take so. Manoman fure a Turai da Amurka da gangan suke kunna mata haske na wasu awanni a tsakar dare. Sai dai ita ma zafin Afrilu kan galabaitar da ita, balle pansy, wadda in ba a Jos ba ko a tsakiyar hunturu, asarar kuɗi ce kawai. Zafin dare ma kan jinkirta jan poinsettia ko da duhu ya wadata.

Ba cewa nake a zauna cikin duhu ba, kowa ya san halin tsaro. A karkata fitilar ta kalli hanya da ƙofa, a ajiye masu son dogon dare a bayan gida inda haske bai kai ba. Gindin fitila kuwa a ba petunia, a dasa ta a Nuwamba.